Mun yarda Superman yana tashi sama, me ya sa tabarau ya gagare mu haɗiyewa?

Ɗan'uwa, ka ce kana kallon mutum yana shawagi a sararin sama, harsashi na zubewa daga ƙirjinsa kamar tsakuwa, ko gezau ba ka yi. Amma da ya ɗora tabarau a hanci, 'yan jaridar da suke ofis ɗaya da shi suka kasa gane shi, sai abin ya tsaya maka a wuya. Ka ce haka ma shirin Flash: mutumin da ya fi harsashi gudu, sai ga wani mai bindiga ya sha kwana ya ɓace masa. Tambayarka ita ce, kai ne ka cika tsanani, ko kuwa akwai wata iyaka da labarin irin waɗannan jarumai bai kamata ya tsallake ba?

Akwai iyakar, kuma abin da ka ji daidai ne. Sai dai girman ƙarya ba shi ne ma'auninta ba. Mai karatu yana iya haɗiye ƙaryar da ta kai dutse, ƙarama kamar ƙwayar yashi kuma ta shaƙe shi. Na daɗe ina koyar da rubutun labari, na kuma daɗe ina bin waɗannan mujallun zane da shirye-shiryensu, abin da na gani shi ne labari yana karyewa ne a inda ya saɓa alkawarin da shi da kansa ya ɗauka, ko inda ya yi ƙarya a kan halin ɗan'adam. Mafi muni kuma shi ne inda ya karɓi hawayenka, daga baya ya dawo ya ce ai ba abin da ya faru.

Wanda ya raɗa wa wannan abu suna shi ne mawaƙin Ingila Samuel Taylor Coleridge, a littafinsa Biographia Literaria na 1817. Yana bayanin yadda suka raba aiki da abokinsa William Wordsworth a kundin waƙoƙin da suka fitar tare a 1798. Wordsworth zai ɗauki abubuwan yau da kullum ya mai da su sababbi a ido, shi kuwa zai ɗauki abubuwan gaibu ya zuba musu halin mutane da kamannin gaskiya, har mai karatu ya yarda, da son ransa, ya jingine shakkarsa na ɗan lokaci. Mutane sun riƙe rabin maganar, wato jingine shakka, suna jefa wa duk wanda ya yi ƙorafi: "ai fim ne, ka daina tunani." Sun manta da ɗaya rabin. Coleridge a kan marubuci ya ɗora nauyin. Shi ne zai fara biya da gaskiyar hali, sannan mai karatu ya ba shi aron yarda. J.R.R. Tolkien ya ƙara matsa maganar a laccar da ya gabatar a jami'ar St Andrews a 1939. Ya ce kowa na iya furta "koriyar rana", aikin yana wajen gina duniyar da koriyar rana za ta zauna daram a cikinta. A ganinsa, idan har mai karatu ya kai ga danne shakka da ƙarfin tsiya, to marubucin ya riga ya faɗi, an riga an fito daga cikin labarin ana leƙensa ta taga.

To me ya sa tashi sama ya wuce lafiya, tabarau ya maƙale? Saboda a cikinmu babu wanda ya taɓa tashi sama da jikinsa. Ba mu da mudun auna shi. An ce mana ɗan wata duniya ne mai suna Krypton, hasken ranarmu ke ba shi ƙarfi, mun karɓa a bakin ƙofa kamar tikitin shiga. Fuska kuwa kowa gwani ne a kanta. Jariri tun yana ɗanye yake bambance fuskar uwarsa. Kana hango amininka daga nesa, ta baya ma, ka gane shi ta tafiyarsa kaɗai. Idan aka ce maka Lois Lane, wadda sana'arta ita ce tono abin da aka ɓoye, ta zauna tebur da tebur da Clark Kent, wato Superman cikin shigar ɗan jarida mai tabarau, shekara da shekaru, Superman kuma ya sha ɗaukarta a hannu fuska da fuska, amma ba ta gane ba, an shigo fagen da ka fi marubucin sani. James Kakalios, malamin fiziks a jami'ar Minnesota, ya tsara irin wannan ciniki a littafinsa na 2005 kan kimiyyar waɗannan jarumai: a bai wa kowane jarumi abin al'ajabi guda ɗaya kyauta, daga nan sauran komai ya bi doka.

Amma bari in kare tabarau ɗin nan kaɗan, domin a ganina shi ma yana cikin tikitin shiga. Yana nan tun fitowar Superman ta farko a Action Comics a 1938, daga hannun Jerry Siegel da Joe Shuster. Matsala tana tasowa ne daga yadda aka riƙe shi, kuma tarihi ya nuna mana riƙo iri uku.

A 1978, a fitowa ta 330 ta mujallar Superman, marubuta suka ga ya kamata su kare kansu da "kimiyya". Suka ce gilashin tabarau ɗin daga tarkacen kumbon da ya kawo shi daga Krypton aka yanko shi, kuma yana ƙarfafa wani irin siddabarun ido da Superman ke yi ba tare da ya sani ba, shi ya sa duk wanda ya kalli Clark sai ya ga wani ramamme mara ƙwari. Wannan bayani ya ɓata fiye da yadda ya gyara. Wanda bai taɓa damuwa ba ma yanzu an nuna masa ramin da yatsa, sai tambayoyi suka biyo: to hoto fa? To wanda ya hango shi ta gefe fa? Ba a jima ba aka yi watsi da zancen kamar ba a taɓa yin sa ba.

A shekarar dai, fim ɗin Superman na Richard Donner ya fito, Christopher Reeve, wanda ya fito a matsayin jarumin, ya warware matsalar ba tare da kalma ɗaya ta bayani ba. Akwai wurin da Clark ya zo ɗaukar Lois a gidanta, ta shiga ciki ta bar shi a falo. Kyamara na kansa, ba a yanke ba. Ya cire tabarau. Kafaɗun da suka rusuna suka buɗe, wuya ya miƙe, sai ka rantse mutumin ya ƙara tsawo a gabanka. Muryar da take rawa a hanci ta sauko ƙirji. Ya buɗe baki zai faɗa mata gaskiya, sai zuciyarsa ta karaya, ya yi maza ya mai da tabarau, kafaɗa ta sake faɗuwa, in'ina ta dawo. Cikin abin da bai kai minti ɗaya ba ka ga mutum biyu a jiki ɗaya. Daga nan ka gane tabarau ƙaramin abu ne a cikin ɓad-da-kamar, babban abin shi ne tsayuwa da murya da yadda mutum ke ɗauke da kansa. Duk lokacin da na nuna wa ɗalibai wannan wuri, ɗakin yakan yi tsit.

Riƙo na uku shi na fi so. A 1987, a labarin John Byrne, attajiri Lex Luthor, babban maƙiyin Superman, ya sa aka tattara duk bayanan da ke akwai kan Clark Kent da Superman aka zuba wa kwamfuta. Kwamfuta ta ba da amsa kai tsaye: mutum ɗaya ne. Luthor ya ƙi yarda, ya kori ma'aikaciyar da ta tsaya a kan amsar. Hujjarsa ita ce babu mai irin wannan ƙarfi da zai yarda ya zauna a matsayin talaka mai karɓar albashi, domin shi da kansa ba zai taɓa yi ba. Ka ga an ɗauke matsalar daga ido an mai da ita zuciya. Girman kai ya makantar da shi, kuma wannan makanta kowa ya san ta, kowa ya taɓa ganin mutumin da gaskiya ke gabansa ƙiri-ƙiri amma ya kasa ganinta don ta saɓa da yadda ya ɗauki duniya. Wannan shi ne biyan da Coleridge yake nufi.

Yanzu zancen Flash, wanda a nan ƙorafinka ya fi ƙarfi. Shirin da tashar CW ta nuna daga 2014 zuwa 2023, zango tara, yawancin zangunan farko kashi ashirin da biyu ko da uku kowanne. A zango na huɗu akwai kashin da kusan gaba ɗayansa ya gudana a cikin ƙiftawar ido, bam ɗin nukiliya ya fara tashi, Barry Allen, wato Flash ɗin, yana zagayawa cikin mutanen da suka daskare kamar gumaka, yana tunani, yana shawara, yana gwada dabara bayan dabara. Kashi ne mai kyau ƙwarai. Amma da shi shirin ya ɗaure kansa. Mutumin da zai iya yin dogon nazari kafin wutar bam ta isa bango, ta yaya mai bindiga zai ɗaga hannu, ya saita, ya harba, ya same shi? Ta yaya mugu zai fita ta ƙofa a ce "ya tsere", alhali jarumin zai iya leƙa kowane lungu na birnin kafin a rufe baki? Amsar ba ta cikin labarin, tana ɗakin marubuta: akwai minti arba'in da 'yan kai da za a cike kowane mako, in jarumin ya yi amfani da abin da aka ce yana da shi, an gama tun kafin tallar farko. Sai a rage masa gudu, ko a rage masa wayo, ya tsaya gaban mugu yana surutu har a buge shi. Abin da ke ɓata maka rai shi ne ka hango hannun marubuci yana jan zare. Ba ka ƙi yarda da gudun ba, su ne suka manta da shi ranar da ya zame musu cikas.

Wannan ciwo tsoho ne. Superman na 1938 ba ya tashi sama, tsalle yake yi na kimanin mita ɗari biyu, kuma an ce harsashin igwa na iya huda fatarsa. A hankali aka yi ta ƙara masa har ya kai ga ture duniyoyi daga mazauninsu. Da ƙarfi ya yi yawa sai aka nemi birki: dutsen kryptonite, mai karya ƙarfin Superman, ya ɓullo a shirin rediyo a 1943, ya shigo mujallu a 1949. Birki ne mai amfani, sai dai an yi ta dannawa har ya zama kamar kowane ɗan fashi yana da ɓallinsa a aljihu. Shirin Heroes da aka fara a 2006 ya faɗa wannan rami tun da wuri: ya ƙirƙiri mai iya tsai da lokaci da mai iya kwafe baiwar kowa, sannan ya shafe zangunan baya yana neman hanyar ƙwace musu baiwar ko goge musu tunani.

Akwai kuma bambanci tsakanin takarda da allo, wanda mutane ba su cika lura da shi ba. A mujallar zane fuska 'yan layuka ne. Clark da Superman da Bruce Wayne, wato Batman, in ka aske musu kai, a hannun masu zane da yawa kusan fuska ɗaya ce. Don haka tabarau a zane alama ce mai nauyi, tana cewa "wannan wani ne", ido ya karɓa. Sannan tsakanin akwatin zane da na gaba akwai ɗan farin fili, kuma a wannan fili, kamar yadda Scott McCloud ya yi bayani a littafinsa na 1993, mai karatu ne ke ƙarasa motsin da kansa. Ka ga an ɗaga naushi a nan, ka ga mutum a ƙasa a can, kai ka haɗa tsakiyar. Abin da ka gina da hannunka ba ka musa shi. Kyamara ba ta barin wannan fili. Tana nuna maka ramukan fata, da gumi, da yadda riga ke tattarewa a hammata, da nauyin jiki idan ya diro. Shi ya sa shirin talabijin ba ya iya riƙe sirrin fuska tsawon lokaci. A shirin Lois & Clark na 1993, zango biyu kawai aka yi Lois ta gano. Fim ɗin Iron Man na 2008 ma da jarumin, Tony Stark, ya tsaya gaban 'yan jarida ya tona kansa aka rufe shi. Masu Smallville kuwa, shirin ƙuruciyar Superman, doka suka kafa wa kansu tun 2001, ba rigar jarumta, ba tashi sama, suka yi ta jan abin har shekara goma, ta yadda zuwa ƙarshe dokar da kanta ta zama abin da ke da wuyar gaskatawa.

Wani abu da ya kamata ka riƙe: kowane labari shi ke yanka wa kansa farashi. Batman na Adam West a 1966 bai taɓa ce maka ka ɗauke shi da gaske ba, don haka duk abin da ya ciro daga ɗamararsa ba wanda ya ce uffan. Daredevil na Netflix a 2015, shirin wani makahon jarumi, ya zaɓi akasin haka. A kashi na biyu akwai faɗan da aka yi a wani siririn lungu na cikin gini, kusan minti uku kamar ba a yanke ba. Jarumin ya shigo da raunuka a jiki, yana duka ana dukansa, waɗanda ya kayar suna sake miƙewa, shi kuma yana jingina da bango yana haki, yana tattaro ƙarfin naushi ɗaya na gaba. Bayan ka ga wannan, ka yarda makaho na iya jin bugun zuciyar mutum daga nesa, domin an biya ka da gajiya ta gaske. Amma shirin ya ɗauki bashi: daga ranar, duk raunin da ya warke cikin dare ɗaya za ka tuhume shi a kai.

Misalin da ya fi kowanne nuna wannan shi ne mutuwar Gwen Stacy, budurwar Spider-Man, a fitowa ta 121 ta Amazing Spider-Man, 1973, rubutun Gerry Conway. Maƙiyinsa Green Goblin ya jeho ta daga ƙololuwar gada. Spider-Man ya harba zarensa ya cafke ƙafarta. A wannan akwati, kusa da wuyanta, an rubuta wata 'yar ƙaramar ƙara ta karyewa, ƙarama har mai sauri zai iya wuce ta. Shi bai ji ba. Yana jawo ta sama yana yabon kansa, sai da ya rungume ta ya ga ba ta motsi. Kakalios ya yi lissafin: wanda ya faɗo daga tsayin kimanin mita 90 yana gudun kusan kilomita 150 a awa, in ka tsai da shi farat ɗaya wuya ba zai ɗauka ba. Shekara da shekaru jarumai suna cafe masu faɗowa a iska ba abin da ke samunsu, ran nan sai dokar duniya ta gaske ta kutso kai cikin labarin, ta kashe yarinyar da hannun mai ƙaunarta. Shekara biyar bayan haka, a fim ɗin Donner, Lois ta faɗo daga saman dogon bene, Superman ya taso daga ƙasa da gudu ya tare ta da hannuwan da suka fi ƙarfe, ba ta ko ƙwarzane ba, kuma ba wanda ya damu. Duka biyun sun yi aiki, domin kowanne ya tsaya a kan farashin da ya yanka.

Akwai tambayar da ta fi tabarau nauyi, wadda masu wannan sana'a suka daɗe suna kewaye ta: in akwai irin waɗannan mutane, me ya sa duniya take yadda take? A Fabrairun 1940 mujallar Look ta buga shafi biyu inda Superman ya damƙo Hitler da Stalin ya kai su gaban shari'a a Geneva, yaƙi ya ƙare. Da Amurka ta shiga yaƙin da gaske, samari na mutuwa a fagen daga, wannan wasa ya gagara. A 1942 sai aka nuna Clark ya je gwajin shiga soja, garin zumuɗi idonsa mai ratsa bango ya karanto allon gwajin ɗakin da ke gaba, aka ce ba ya gani sosai, aka sallame shi. Marubucin Italiya Umberto Eco ya yi rubutu a kan wannan tun shekarun 1960: mai ƙarfin da zai iya sauya tattalin arzikin duniya, amma ya ƙare a kamun ɓarayin banki a gari ɗaya. Labarin zane na Watchmen na 1986 ya ɗauki tambayar da gaske, ya bar jarumi ɗaya ya ci wa Amurka yaƙin Biyetnam, tarihi gaba ɗaya ya karkace. Labarin da ke da ƙarshe ne kaɗai zai iya haka. Na wata-wata dole ya bar duniya yadda mai saye ya san ta. Shi ya sa bayan harin 11 ga Satumba 2001, fitowar Spider-Man mai baƙin bango ta raba kan masu karatu, musamman inda aka zana mugun nan Doctor Doom yana hawaye a kan ɓaraguzai. Baƙin cikin masu zanen na gaske ne, amma mutumin da aka sha nuna shi yana shirya ɓarnar da ta fi wannan, hawayensa bai zauna ba.

Zancen shekaru ba zan daɗe a kai ba, don yawancin masu karatu sun yafe shi. Peter Parker, wato Spider-Man, yana ɗan sakandare a 1962, har yau bai tsufa ba. Tony Stark a Biyetnam aka raunata shi a 1963, a fim ɗin 2008 aka mai da abin Afganistan. Ana jan tarihin jarumi a baya kamar jela, yaƙin da ya halarta yana sauya suna. Wannan yafiya ce mai sauƙi, ba ta ƙwace maka komai.

Inda yarda take karyewa ba gyara shi ne mutuwa, da duk wani abu da aka ce maka ya faru har abada. A 1988 kamfanin DC ya buɗe layukan tarho biyu, masu karatu su zaɓa ko Jason Todd, Robin na biyu, wato yaron da ke taya Batman aiki, ya rayu ko ya mutu a hannun Joker. Ƙuri'a 5,343 suka ce ya mutu, 5,271 suka ce ya rayu, tazarar 72 kacal. Aka zana Batman ɗauke da gawar yaron a cikin ɓaraguzai, kuma shekara goma sha bakwai wannan gawa tana bin sa, rigar yaron na rataye cikin gilashi a kogonsa. A 2005 Jason ya dawo. Dalilin da aka bayar daga baya shi ne wani mai ƙarfi a wata duniya ya naushi bangon halitta, girgizar ta gyara tarihi. A ƙarshen 1992 an kashe Superman, kafafen labarai na duniya suka ɗauka, mutanen da ba su taɓa sayen mujallar ba suka yi layi. Kafin shekara ta zagayo ya tashi. Jean Grey ta sadaukar da ranta a 1980, a ɗaya daga cikin labaran X-Men mafi taɓa zuciya, a 1986 aka ce ai ba ita ce ta mutu ba. Masu karatu suna da wata magana a da, cewa mutum uku ne kaɗai ba sa dawowa: Bucky mataimakin Captain America, da Jason Todd, da Kawu Ben na Spider-Man. Biyu daga ciki a shekara ɗaya suka dawo.

Ba na cewa duk dawowa ɓarna ce. Yadda Ed Brubaker ya dawo da Bucky a 2005 ya ƙara wa labarin nauyi, domin ya dawo da shi a matsayin makashin da aka wanke wa ƙwaƙwalwa shekara da shekaru, dawowar ta fi mutuwar ciwo ga Captain America. An biya farashi. Abin da nake ƙi shi ne dawowar kyauta, wadda ke koya wa mai karatu kada ya ƙara yarda da jana'iza. Wannan asara ba ta tsaya a labari ɗaya, tana bin duk na gaba. Marubuci na iya zuba duk basirarsa a mutuwar jarumi yau, mai karatu kuwa yana ƙirga watannin da suka rage kafin a dawo da shi.

Wanda ya fi yi min ciwo shi ne abin da aka yi wa Spider-Man a ƙarshen 2007. Peter ya auri Mary Jane tun 1987. A 2006 ya cire abin rufe fuskarsa a gaban duniya, sakamakon haka aka harbi Gwaggo May, wadda ta rene shi, tana kwance rai a hannun Allah. Sai wani shaiɗani mai suna Mephisto ya zo da tayi: zai ceci tsohuwar, a ba shi auren, a shafe shi daga tarihi kamar ba a taɓa ɗaurawa ba. Suka amince. Babban editan kamfanin Marvel na lokacin, Joe Quesada, bai ɓoye ba cewa yana ganin aure ya tsufar da jarumin. Lura da kyau, ba wanda ya yi ƙorafin cewa babu shaiɗanu, duniyar Marvel cike take da su tun da daɗewa. Abin da masu karatu suka kasa haɗiyewa shi ne Peter. Yaron da aka gina tun shafukansa na farko a kan darasi guda, cewa ya bar ɓarawo ya wuce don bai ga ruwansa ba, ɓarawon ya je ya kashe kawunsa, daga ranar ya ɗauki alkawarin ɗaukar nauyin duk abin da hannunsa ya jawo. Shekara arba'in da biyar ana nuna shi yana biyan wannan bashi, da aikinsa, da karatunsa, da Gwen. Sai ga shi ya yi kuskure, sakamako ya zo, ya ƙulla ciniki da shaiɗan don kada ya ɗauka. Ita kanta Gwaggo May, yadda aka san ta, da an tambaye ta da ba ta yarda a sayar da auren ɗanta don a ƙara mata kwana ba. Na san masu karatu da suka bi wannan yaro tun suna ƙanana, suka yarda gizo-gizo ya cije shi ya manne a bango, suka yarda da baƙar rigar da take da rai, suka yarda har da kwafinsa da aka ƙera a ɗakin gwaji. A wannan fitowa suka ajiye mujallar, wasunsu har yau ba su sake ɗauka ba.